Bayan An Sare Itacen Tsakar Gida: Yadda Za A Raya Filin Da Ya Bari

Duk baƙon da ya doshi birnin Zazzau a zamanin da, tun kafin ya hangi ganuwa ko ya kai Ƙofar Doka, abin da idonsa ke fara cin karo da shi shi ne kawunan rimaye da suka yi wa gari rumfa. Ba banza ba Hausawa ke yi wa wannan itace kirari da rimi adon gari. Har wa yau sunayen unguwanni suna ba da shaida: ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Doko, ga Rimin Danza, ga kuma Durumin Maigarke. Wato dai mutanen da suka zauna a waɗannan wurare da itace suke yin kwatancen gidajensu.

Amma zamani ya juya. Jama'a sun ƙaru, filayen noma da ke cikin ganuwa sun zama gidaje, gidan da kaka ya bari kuma an raba shi gida huɗu ko biyar tsakanin magada. In za a ƙara ɗaki, ko a fitar da shago a bakin titi, ko a ja wayar lantarki, itacen tsakar gida shi ne na farko da gatari ke hawa kansa. Wani lokaci kuma saran dole ne, domin itacen ya tsufa ya yi kogo, ko saiwarsa ta ɗaga harsashin ɗaki, ko iskar farkon damina ta karya reshe ya faɗa kan kwano. Ba a ce kada mutum ya kare ransa da na iyalinsa ba. Tambayar da wannan shafi yake so mu duba ita ce: bayan masu sara sun kwashe itacensu sun tafi, me za a yi da filin da ya rage?

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu masu bin Almasihu a ƙasar Hausa. A Durumin Maigarke ne, cikin birni, Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1929 aka ɗauke aikin zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Ashe ke nan ikilisiyar Wusasa ita kanta dashe ce, an cire ta daga unguwa mai sunan itace, aka kafa ta a wani wuri, ta kuma kama. Ban da haka, yawancin gidajen 'yan'uwa a Wusasa da Tudun Wada da ƙauyukan kewaye tsarinsu ɗaya ne da na birni: zaure, katanga, ɗakuna a kewaye, da fili a tsakiya. Matsalar da ta sami gidan birni ita ce ke samun namu.

Aikin da itace ke yi ba a lura ba

Sai an sare itace ake sanin yawan aikin da yake yi. Na farko dai inuwa. A ƙarƙashinsa mata ke daka da tankaɗe da wanke-wanke, nan ake shimfiɗa wa jariri tabarma, nan tsoho ke kishingiɗa da rana, nan kuma iyali ke taruwa don addu'ar yamma. In ya tafi, zafin watan Maris da Afrilu yakan kori kowa zuwa ɗaki, ɗakin kuwa in na kwano ne ya zama tanda, musamman wanda bangonsa ke fuskantar yamma, inda rana ke dukansa tun daga azahar har faɗuwarta.

Na biyu ruwa. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. In muka yi lissafi, tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 tana karɓar lita 100,000 a damina guda, wato durom 500 mai cin lita 200, ban da wanda indararo ke zubowa daga rufi. Da can ganyen itace ke tare ƙarfin ruwan, saiwoyi kuma su shanye kaso mai yawa. Yanzu babu mai tarewa, babu mai sha. Ruwan zai nemi inda ya fi gangara, in kuwa gindin katanga ne, to ginin tubali ba ya jure jiƙa daga ƙasa. Yawancin katangun da ke zubewa a watan Agusta daga gindi ruwa ya ci su.

Na uku shi ne abin da ke ɓoye a ƙasa. Saiwoyin babban itace sukan wuce iyakar inuwarsa. Bayan an sare shi sukan ruɓe sannu a hankali cikin shekaru, su bar ramuka, sai a ga ƙasa ta lotsa a wurin da ba a zata ba. Mataccen ice kuma abincin gara ne. Magina na da, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, da azarar giginya suke rufi, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. Katakon da muke rufi da shi yau, da na ƙofa da taga da silin, ba shi da wannan ƙwari. Wanda ya bar kututture kusa da ɗaki ya kafa wa gara kasuwa.

Kututture: hanyoyi uku

Saboda haka aikin farko shi ne yanke shawara a kan kututturen. In yana kusa da gini, ko kuwa ana nufin yin gini a wurin, tone shi za a yi. A haƙa rami a kewaye da shi, tazarar kamar taku ɗaya daga jikinsa, a bi manyan saiwoyi da gatari ana datsewa ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa ƙarfe ko gungume a banƙare shi. Ya fi sauƙi in masu sara sun bar masa tsawon da ya kai ƙugu, domin a sami abin kamawa a jijjiga. A yi aikin lokacin da ƙasa ke da laushi, bayan ruwan farko ko a ƙarshen damina. Saiwar da ta shiga ƙarƙashin bango kada a fizge ta, a datse ta a nan bakin harsashi, a toshe gurbin da ƙasa mai ƙarfi.

In kututturen yana nesa da ɗakuna, ana iya barinsa ya ruɓe. A yanke shi daidai da ƙasa, a huda shi ko a sassare kansa da gatari, a rufe da taki da ƙasa, a riƙa zuba masa ruwa. Wannan yakan ɗauki shekaru, gwargwadon taurin icen, kuma sai an riƙa duba ko gara ta fara gini.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a guje musu. Na ɗaya cinna wa kututture wuta a cikin gari. Wuta takan bi saiwa ta ƙarƙashin ƙasa ta yi kwanaki tana ci ba a gani, yaro ya taka toka ya ƙone, ko iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi zuwa danni ko rumbun maƙwabci. Na biyu zuba baƙin mai ko kananzir ko gishiri don a kashe shi. Waɗannan sukan kashe ƙasar ita kanta, abin da aka dasa daga baya ya ƙi kamawa, kuma a unguwar da rijiyoyi ke kusa da juna suna iya gurɓata ruwan sha.

Hanya ta uku kuwa ita ce a bar shi ya tofo. Itatuwa da yawa, irin su darbejiya da durumi da ceɗiya da tsamiya, ba su mutuwa don an sare su. Ayuba ma, a tsakiyar wahalarsa, ya lura da wannan hali na itace, cewa saransa ba shi ne ƙarshensa ba muddin saiwa ta sami danshi (Ayuba 14:7-9).

Darasi daga Maraɗi

'Yan'uwanmu Hausawan Nijar sun gwada wannan a gonakinsu, duniya kuma ta shaida. Wani ma'aikacin mishan na ƙungiyar S.I.M., mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta fama da dashen itatuwa a jihar Maraɗi, yawancinsu suna mutuwa. A shekarar 1983 ya gane cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin kututtura ne masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta kai ga danshi. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kuma tsare su daga dabbobi da wuta. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, shi kuma Rinaudo aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018.

A tsakar gida ma haka ne. In reshen da ya tsufa ne ya jawo saran, kuma gindin yana wurin da bai takura wa gini ba, toho ɗaya ko biyu da aka rena za su ba da inuwa da sauri fiye da sabon dashe, ba tare da ban ruwa ba. Sai dai a riƙa yi masa aski kowace shekara don kada ya koma girman da ya sa aka sare shi. In kuwa saiwarsa ce ta fasa bango tun farko, barin toho maimaita ɓarna ne.

Cike rami da gyara wa ruwa hanya

Bayan an fitar da kututture, kada a tura ƙasa cikin ramin gaba ɗaya a tafi. A kwashe guntayen ice da garin katakon da injin sara ya bari, domin ɗanyen garin katako in ya gauraya da ƙasa yakan riƙe sinadarin naitirojin da shuka ke bukata, ganye ya yi rawaya. A tara shi gefe guda tare da kashin dabbobi ya ruɓe tukuna, zai zama taki mai kyau. Sannan a riƙa zuba ƙasa kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daddage da gungume, a sake zuba wata, har rami ya cika ya ɗan yi tudu. A bar shi ya ga damina guda kafin a yi daɓe ko gini a kansa, gama ko yaya aka daddage sai ya ƙara zama. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan sai a dubi gangaren gidan. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, maigida ya fito ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Ƙa'idar ita ce ƙasa ta fi tudu a gindin bango, ta gangara zuwa tsakiya, daga nan zuwa rariya. A yi dakali a gindin katanga, a sa dutse ko fasasshen bulo a inda indararo ke zuba, ko kuwa a ajiye durom a tari ruwan. A tabbata rariya ba ta toshe ba, kuma bakinta ba ya kallon bangon maƙwabci. Wannan ya ƙara zama dole a cikin birni, domin kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke karɓar ruwan unguwa, da yawansu an cike an yi gini a kai.

Batun siminti

Abin da mutane da yawa ke yi yanzu shi ne su malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, su ce sun huta da taɓo da shara. Tsabta dai ana samunta, amma da tsada. Siminti yana shan zafin rana ya riƙe, ya yi ta fitar da shi har tsakar dare, lokacin da iyali ke neman kwana a waje. Ba ya barin ɗigon ruwa ya shiga ƙasa, don haka duk durom 500 ɗin nan lungu za su fita, rijiyar gida kuma ta rasa mai ciyar da ita. In kuma an malala shi a kan saiwoyin da ba su gama ruɓewa ba, zai tsage ya lotsa, kuɗi sun tafi a banza.

Gara a raba filin. A sa siminti a hanyar da ta tashi daga zaure zuwa ƙofofin ɗakuna, da wurin wanki, da bakin madafa. Sauran a zuba tsakuwa ko yashi, ko a yi daɓen gargajiya irin wanda iyayenmu mata ke yi da tsakuwa da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Ko da an ƙudura sai an yi simintin, a bar gurbi biyu ko uku, kowanne aƙalla mita ɗaya a kowane gefe, don dashe.

Me za a dasa, a ina kuma?

Kuskuren da ya jawo saran farko sau da yawa shi ne an dasa babban itace a ƙaramin wuri. Rimi da kuka da maɗaci da durumi da ceɗiya itatuwan fili ne, wurinsu harabar majami'a da makaranta da maƙabarta da bakin kasuwa. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, aka kuma fara dasa ta a lardin Borno a 1928, tana jure fari tana saurin girma, amma ita da mangwaro suna bukatar tazarar mita 8 zuwa 10 daga bango da rijiya da masai. Gidan da ba shi da wannan fili ya nemi ƙananan itatuwa: gwaiba, lemun tsami, lemun zaƙi, rumman, waɗanda mita 3 zuwa 4 ta ishe su. Zogale da gwanda ba su cin wuri, kuma cikin shekara guda uwargida za ta fara cin moriyarsu. Lalle yana yin shinge mai kyau a gaban makewayi.

Kada a dasa a cikin ramin tsohon itacen, domin ƙasar wurin ba ta zauna ba, kuma in cuta ce ta kashe na farko tana nan tana jira. A matsa taku uku ko huɗu. In da hali a zaɓi yammacin ɗakin kwana, inda inuwa za ta faɗo a kan bango da la'asar. A ɗaga kai kuma a dubi wayar lantarki.

A haƙa rami ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi. A ware ƙasar sama daban, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. A yi dashen bayan damina ta zauna, a watan Yuni ko Yuli, da yamma. A yage ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse. In dashen mai aure ne, kamar lemo ko mangwaro, mahaɗin auren ya tsaya sama da ƙasa. Mutanen Zariya sun yi sa'a, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga malaman gona, ga masu renon dashe, ba a rasa wanda za a tambaya irin da ya dace.

Shekara biyun farko su ne masu wuya. A kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo saboda awaki. Da rani a binne tsohon tulu kusa da shi, bakinsa a waje a rufe, a riƙa cika shi da ruwa, zai riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa. Ruwan ɗauraya da na wankin hatsi duk suna da amfani, ban da mai omo da yawa. A baza busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa jikin dashen saboda gara. Kafin ya girma, a kafa rumfa a wurin da mata ke aiki, a rufa zana, a sa soso ko kabewa ko wake su hau. Mai hali yana iya ɗora inabi, wanda manoman ƙasar Kudan, nan kusa da Zariya, suka nuna yana yi a ƙasarmu.

Maƙwabci da ɗan haya

A cikin birni, inda katanga ɗaya ke raba gida biyu, itace ba na mutum ɗaya ba ne. Inuwarsa tana tsallake bango, haka ganyensa da saiwarsa da ruwan da ya bari. Ya kamata mai bi ya sanar da maƙwabcinsa kafin ya sare, ya kuma shawarce shi kafin ya dasa kusa da iyaka. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya ɗauki dashen itace a matsayin sadaka mai gudana, don haka wannan aiki ne da ba a samun saɓani a kansa. Kwanon gwaiba ko ƙullin zogale da aka miƙa ta kan katanga yana gyara zama fiye da doguwar magana.

Da yawa daga cikinmu kuma haya muke yi, mukan ce don me zan dasa abin da wani zai ci? Mu tuna Ibrahim baƙo ne a ƙasar Filistiyawa sa'ad da ya dasa itace a Biyer-sheba, bayan ya daidaita da Abimelek a kan maganar rijiya, a nan kuma ya yi wa Ubangiji sujada (Farawa 21:22-34). Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, in bai yarda da babban itace ba, zogale da gwanda ko lemo a cikin rabin durom ba su gagara ba.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Aikin farko da Allah ya damƙa wa mutum shi ne noman gona da kiyaye ta (Farawa 2:15), tsakar gida kuwa ita ce gonar da ta fi kusa da kowannenmu. Dattawan ikilisiya suna iya sa doka cewa duk itacen da aka sare a harabar majami'a ko gidan Fasto, a dasa biyu a madadinsa kafin damina ta wuce, a kuma rubuta sunan wanda zai kula da su. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya renon iri a ledojin ruwan sha da ake zubarwa, su raba wa iyalai a watan Yuni. Majami'ar da Allah ya ba fili mai faɗi ta dasa rimi ko durumi ko da guda ɗaya ne, domin jikokinmu su ga abin da ya ba unguwannin Zazzau sunayensu.

Wanda aka sare itace a gidansa a wannan rani, ga lokaci ya zo. Ya tone kututture ko ya zaɓi tohon da zai rena, ya cike rami, ya gyara rariya, ya haƙa gurbin dashe ya zuba taki tun kafin ruwa ya sauka. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin da muka dasa ya kama. Amin.